Ashana Nawa Za Ta Ci Rumbu?

Ina aji biyu na sakandare, a ƙauyenmu da ke bayan Tsafe, aka ba mu aikin gida a kan ma'aunin makamashi: jul, kilojul, megajul. Sifirorin suka rikita ni. Bayan la'asar na tarar da Baba a inuwar rumbunmu, da yake ya koyar da kimiyya kafin ya koma gona.

Ya sa na ɗaga lemon da ke hannuna daga ƙasa zuwa ƙuguna. "To, kin kashe jul guda," in ji shi. Sai ya ƙyasta ashana, ya bar ta ta cinye. 

"Wagga kuma kamar jul dubu ce, kilojul guda ke nan. Tsinke dubu, megajul."

Abin ya fara yi mini daɗi. Na dafa rumbun, cike yake da geron shekara. "Baba, in wannan ya kama, megajul nawa?"

"Dubbai, ɗiyata."

"Ashe sai an tara ashana miliyoyi kafin a ƙone shi!"

Bai yi dariya ba. Idonsa na can wajen ƙauyen Kucheri, inda baƙin hayaƙi ya fara miƙewa, alhali ba lokacin ƙona daji ba ne.

"Guda ta isa," ya ce a hankali. "Tafi ki ce wa innarki ta ɗaure kaya."

Kafin magariba muna kan hanyar Gusau, muna gudun 'yan bindiga. Ko tsaba ɗaya ta geron nan ba mu ci ba.