Awon Sambo

Kwana da kwanaki ke nan Inna Turai ba ta iya cin abinci. Ɗanta Hayatu na shirin rasa aikinsa, ita kuwa ta san wanda ke son ganin bayansa.

Hayatu ne ke kula da ƙaton farantin sadarwa da kamfani ya kafa a bayan gidansu a Gummi. Yarjejeniyar ba ta da wuya: a aika saƙo ta farantin, ya je ya dawo kafin ƙiftawar ido. In ya ci gaba da jinkiri, sai a ba wani aikin.

Wanda kamfanin ke turowa awon saurin saƙon shi ne Sambo, mutumin Anka. Tun ranar da ya fara zuwa, kallon da ya yi wa farantin bai kwanta wa Inna ba. Uwa ce, ba ta zauna haka nan ba, ta yi abin da ya kamata.

Amma ina! Awo na gaba sai ga saƙo yana jan ƙafa kamar jakin da ya gaji. Hayatu ya canza wayoyi, ya gyara saiti, ya kori tantabaru, don ya ce ko tsinke ya tare bakin farantin sai an ji a jikin saƙo. Duk a banza.

Sambo ya girgiza kai ya ce, "Wallahi Inna, ba ni ba ne, na'ura ce. Saura awo ɗaya."

"Na'urar gidanku," in ji ta a ranta. Ta ɗauke kwanon furar da ta ajiye masa.

Ta riga ta ji labari wai ƙanen matarsa zaune yake ba aiki. To me ya rage? Yaron da ta raina da kuɗin ƙosai, shi za a mayar ɗan zaman kashe wando? Ta rantse sai sharrin Sambo ya koma kansa, sai shi ma ya ɗanɗani zaman gida.

Ta hau babur har Adabka wurin malaminta, duk da ciwon bayanta. Ta ce wa malamin, "Waccan layar ta yi ƙanƙanta, Malam. Wanga karon a ninka, kuma a naɗe ta da gwangwani mai kauri, kada ruwan sama ya taɓa ta."

Ranar awo da safe Hayatu ya tafi tasha tarbo Sambo. Inna ta mirgina turmi zuwa bayan gida, ta taka, zuciyarta fes. Yau za a ga ƙarshen mugu.

Ta ɓalle murfin robar da ke bakin farantin, ta cusa sabuwar layar kusa da wadda ta ɓoye a ciki tun ranar da Sambo ya fara zuwa.