Ganye na Bakwai

Saura ganye ɗaya. Tun da aka yi wa tsohon malamin tsirrai aikin ido, matarsa ta kulle lambunsa. Suka yi sharaɗi: in ya gane ganye bakwai da yatsu kawai, ido a rufe, za ta buɗe. Shida ya faɗa daidai.

Ta miƙa masa na bakwai tana guntse dariya.

Ya daɗe yana shafawa. "Gefensa kamar haƙoran zarto, jijiyoyinsa sun taso, karansa sumul." Ya murza, ya sansana. Babu danshi, babu ƙamshi.

"Malam, ka sare?"

"Wannan dangin ba ya toho, ba ya yaushi. Saiwarsa waya, gonarsa teburin falonki. Mayar da furen robarki, ki miƙo min makulli."