Jinin Baƙin Karen Ƙofar Ruwa

Ƙarti uku suka danne baƙin karen a ƙofar gidan mai unguwa, Baturen dabbobi ya soka masa allura a ƙafar gaba, ya zuƙi jini cikin 'yar kwalba. Sunan Baturen ya kwanta mini, shekarar ma haka. Ana dai fama da tsadar hatsi a Kano, har masu rufin asiri sun koma dafa dusa.

Tafintansa, Audu, ya yi wa mutanen Ƙofar Ruwa bayani. Wai akwai ɓurɓushin ƙarfe da tagulla a jinin kowace dabba, kuma sai an auna na lafiyayyu kafin a gane abin da ya ragu a na marasa lafiya. Sun zaga birni, duk karnukan da suka gani ƙashi ne da fata, sai wannan, mai sheƙi kamar an shafe shi da man shanu. Kuma ba shi da ubangida.

Goni Ari, malamin unguwar, yana tsaye daga nesa, ya tattare rigarsa kada yawun kare ya taɓa ta. Mutum ne da ake misali da shi wajen kula da uwa. Tun da idon mahaifiyarsa Ya Kaka ya tafi, wanzami kuma ya ce jininta ya yi ƙasa, kullum sai Goni ya aika mahauta an sayo mata hanta, ko da gidan zai kwana da kunu. Matarsa Hajo ke dafawa, ta kai ɗakin tsohuwar can ƙuryar gida bayan la'asar, ta koma kan girki. Kwano na dawowa tas.

Shi ne ɗan farinta. Kakanninsu daga Barno suka zo, amma kunyar ɗan fari irin ta Kano ta kama Ya Kaka sosai: ba ta faɗin sunansa, in ya shigo ta juya fuska bango, magana ma sai dai ta yi ta da iska. Wannan ya sa ya rage shiga. Ɗalibai suka yi yawa, shiga ta koma leƙe, leƙen ma ya tsaya tun damina.

"Allah ya yi maka albarka, Malam," in ji Hajo wata rana. "Ya Kaka ta ce kullum sai ka je kun ci tare."

Ya ɗauka ruɗin tsufa ne. Ya sunkuyar da kai, bai gyara ba. Zancen ya fita gari, ana ta yabonsa, yana amsawa da kunya. Abin da ke damunsa kawai, Hajo ta ce tsohuwar sai ramewa take.

Da Baturen ya dawo, Audu ya tara mutane yana dariya. "Bature ya ce jinin karen nan ya fi nasa kyau. Ƙarfe fal! Ba bola yake ci ba, nama ake ba shi kullum. Yana son ganin mai ciyar da shi, ya ji me yake ba shi."

Wuri ya kaure da hayaniya. Nama ga kare, ana binne yara saboda yunwa? Wani ya nuna mahauci, mahauci ya rantse har da hawaye.

"Ko wane ne, bai ji tsoron Allah ba," in ji Goni. "Ni da kaina zan gano shi, in kawo shi nan gaban mai unguwa, kowa ya ga fuskarsa."

Washegari da aka idar da la'asar, ya sallami ɗalibai ya bi karen daga nesa. Karen bai tsaya a mahauta ba. Ya bi gindin ganuwa, ya ratsa lungun maƙera ba gaggawa, kamar mai zuwa inda ake jiransa. Ya karya kwana, ya kwanta da ciki, ya shige ta rariyar wata katanga.

Goni ya tsaya yana kallon katangar. Ta gidansa ce, shi da kansa ya sa aka yaɓe ta bara.

Ya zaga da sauri ya shiga ta zaure, ya wuce Hajo a madafi, ya nufi ƙuryar da ƙafarsa ta manta. Ya ɗaga asabari a hankali.

Karen na zaune a bakin tabarma, yana jira da ladabi. Ya Kaka ta ji motsi, ta juya fuskarta bango, ta tura kwanon hantar bayanta da hannun da ya zama kara, tana murmushi.

"A gaya wa mutumin nan ya ci da zafinta," ta ce wa bangon. "Shi ke wahala da jama'a. Ni zuwan da yake yi kullum ya ishe ni."