Tire Guda da Gashin Bakin Mai Aski

Tunda ka dage sai an kori duk wanda ya haura shekara talatin daga ƙungiyarku, gyara zama ka ji yadda aka yi a wani gari.

Akwai wani mai aski, mayen ƙwallo, mai murɗaɗɗen gashin baki da yake ji da shi fiye da shagon kansa. Madubin da ya kafa don masu zuwa aski, shi ya fi kowa morarsa. A bencin ƙofarsa magoya bayan ƙungiyar garin suke majalisa. Wata shekara aka kawo sabon koci, ya sallami tsohon kyaftin, wani ɗan baya da ake kira Garu, wai ƙafarsa ta yi nauyi, ya ɗebo samari masu gudun barewa. Majalisa ta yi ta tafi. Mai aski kaɗai ya ce an kwance wa tsintsiya maɗauri. Aka yi masa ca, har wani ya ce ai don Garu a wurinsa yake aski ne. Bawan Allah ya haɗiye, don ya saba: a garin nan mai hangen nesa ko sannu ba a ce masa.

Kakar wasa ta yi nisa, ga gudu kamar me, ci babu. Kambun kyaftin ya raba ɗakin 'yan wasa gida biyu. Mai lamba takwas, ɗan gari, yana ganin gadonsa ne. Mai lamba tara, baƙon da aka sayo, yana ganin don damtsensa aka ɗinka. Koci ya rasa na zaɓe, ya rataye kambun a ƙusa, gola ke aronsa ranar wasa. A fili kuwa gara kowannensu ya ɗaga ƙwallo ta faɗa gidan maƙwabta da ya miƙa wa ɗan'uwansa. Haka aka yi ta yi har ya rage wasa ɗaya, in ba a ci ba ƙungiya ta gangara rukunin ƙasa. Majalisa ta kaure, wasu a kori koci, wasu a kori baƙo. Mai aski ya murza gashin baki ya ce a bar Garu ya shiga ɗakin 'yan wasa sau ɗaya tak, ko takalmi kada ya sa; in ba a ci ba, a aske masa gashin bakin nan a tsakiyar kasuwa, da askarsa. Nan take aka sami masu neman ladan riƙe masa kai, don kowa ya san koci ya gargaɗi mai gadi: tsohon ɗan wasa ba ya tsallake ƙofar nan.

To, al'adar garin ce ranar wasa da hantsi magoya baya su kai wa 'yan wasa abinci. A zamanin Garu tire guda ake zubawa a kewaye shi. Sabon koci ya mai da abin kowa da robarsa, kowa da lungunsa, kunne toshe da waya. Ran nan mai aski ya karɓi aikin kai abinci. Sai robobi suka yi ɓatan dabo, ya fi kowa nema, alhali suna ƙarƙashin kujerar aski. Dole aka juye shinkafa da wake a tire, aka jera nama a tsakiya. Sannan bayan mai aski ya riƙe, ciwon da bai taɓa yi ba, ya dafe ƙugu yana nishi a nemo mai ƙarfin wuya. Sai ga Garu zaune a benci, wanda tun safe aka kira shi aski kyauta. Ya ɗora tire a ka, mai aski na biye da buta yana ɗingishi. Mai gadi ya tare su, mai aski ya ce, "Tsohon ɗan wasa aka hana, malam, wannan ɗan dako ne. In ka ƙi, kai za ka gaya musu yau da yunwa za su buga."

Garu ya dire tire, ya zauna, ya yi bisimilla. Yunwa ba ta san kambu ba, ɗaya bayan ɗaya suka matso. Koci ya ƙyale shi, don ba a tada mutum a kan abinci. Shinkafa ta yi ƙasa, nama na nan ba wanda ya taɓa, don kowannensu a gida ya tashi, ya san babba ke rabawa. Garu ya bi kowa da nasa, ya bar tsoka ɗaya, ya tura gaban mai lamba takwas da mai lamba tara da ya zaunar kafaɗa da kafaɗa. Ya ce, "Ɗan gari ya raba, baƙo ya zaɓa." Takwas ya tsaga tsokar, bai jira zaɓi ba, ya tura babban ɓarin gaban baƙo. Kunya ta kama baƙo. Ya tashi ya ciro kambun daga ƙusa, ya ɗaura wa takwas da hannunsa mai maiƙo.

Da la'asar, wasa na dab da tashi, takwas ya zura ƙwallo tsakanin ƙafafu, tara ya sa ta a raga. Mai ciwon baya shi ya fara tsallake shinge. Washegari gari ya ɗauka da yabon dabarar koci, ba wanda ya tuna da mai tire balle mai buta. Ba komai. Masu neman ladan riƙe kai sun zo aski suna sunkuyar da nasu, ya bar su a benci suna jira, ya tsaya gaban madubi yana shafa wa gashin bakinsa mai, gefe ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Saboda haka sayo masu gudu iya son ranka, amma kafin ka nuna wa tsoho ƙofa, ka tuna: da tsohuwar zuma ake magani.