Tsohon Direba da Akwatin Hotuna

Tunda ka ce ka daɗe a sana'arka, babu sauran abin da za a koya maka a duniya, gyara zama in ba ka misalin wani tsohon direban tirela. Gwani ne, wannan ba a musu. Ya sha Legas ya sha Maiduguri, ba a taɓa jin mota ta kwanar da shi a daji ba, kuma yana da wata doka da ya ishi kowace tasha da ita: ba a sa wa mota sabuwar taya a gefe ɗaya a bar mata tsohuwa a ɗaya gefen. In za a canza, a canza biyun, in ba haka ba mota ta riƙa ja gefe kamar jakin da ya hango dusa. Da ya ajiye tuƙi, sai 'yarsa da ke aure a wani gari mai nisa ta kafa masa ɗan akwatin ajiya a falo, kusa da talabijin, wanda duk wayoyin gidan ke zuba hotunansu a ciki. Faifai biyu ne a cikinsa, kowanne a rufe cikin kwanson ƙarfe, kuma duk abin da aka zuba wa ɗaya sai ɗayan ya kwafe, don in wannan ya mutu wancan ya riƙe amana. Direba ya ɗauki akwatin nan kamar shi ya ƙera shi. Ya bi 'yan'uwansa gida-gida ya kwashe abin da ke wayoyinsu, har da bidiyo ɗaya tilo na mahaifiyarsu marigayiya, wanda aka ɗauka ranar wani suna, tana zaune a tabarma tana yi wa 'ya'yanta tsiya ɗaya bayan ɗaya tana dariya. Ya ce kowa ya goge nasa ya huta da wayar da kullum ke kukan ta cika, ai Inna ta samu ɗaki. Suka goge kuwa. Daga nan ya zama al'ada, kowace Sallah a taru a falonsa a ci tuwo, a kunna Inna ta zage su, a yi dariya a share hawaye.

Ana nan sai faifai ɗaya ya fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, fitilarsa ta koma ja. Ya kira 'yar tasa, ta yi masa bayani dalla-dalla: ya sayo sabo guda ɗaya, ya zare mai jar fitilar kaɗai, ya sa sabon, sannan ya naɗe hannu har tsohon mai lafiya ya gama karanta wa sabon duk abin da ya sani, ko da zai wuni yana yi. Ya ce mata to, irin "to" ɗin da direba ke ce wa fasinjan da ke nuna masa hanya. Yana isa kasuwa zuciyarsa ta ƙi. Sabo kusa da tsoho, a gidansa? Ai sai abokan tasha su yi masa dariya. Ya sayo biyu, ya zare tsofaffin duka, ya cusa sababbin, duk tambayar da akwatin ya aiko masa a waya ya danna mata e bai tsaya karantawa ba. Fitila ta koma kore, ƙara ta ɗauke, ya yi ta kai da kawo a falo yana jiran a yaba masa. To, direba ba ya yar da ƙarfe. Ya sa wa tsofaffin biyun nan sukudireba suka ƙi buɗuwa, ya sa musu guduma suka yarda. A ciki ya tarar da wasu 'yan faya-fayai masu sheƙi kamar madubi, ya dirje su da toka don su ƙara haske, ya ɗaure da zare, ya rataye a gaban 'yar motarsa ta zuwa masallaci.

Ranar Sallah aka taru, babbar yayarsu ta zauna a gaba kamar yadda ta saba. Direba ya kunna talabijin, ya shiga akwati, wayam, ko hoton kaza babu. Ya kashe ya kunna, ya bubbuga masa ƙeya kamar yadda ake yi wa rediyo, shiru. Da aka kira 'yar, tambaya ɗaya ta yi, ina tsohon faifan da bai lalace ba, don komai yana cikinsa. Daga nan gumi ya karyo wa direba. Yayar ta dube shi ta ce, "Kai, ina ka kai mana Inna?" Sai ya miƙe ya yi gaba, dangi duka suka bi shi a baya da kayan Sallarsu har bakin mota, ya nuna musu abin da ke lilo a zare. Yayar ta kama faifan ta kai shi kusa da idonta, ba ta ga komai ba sai fuskarta, ita da duk cikinsu ta fi kama da marigayiyar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ga ta nan kuwa. Sai dai ta daina magana." Wasu suka fashe da dariya, shi kuwa ya juya baya ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'izar Inna.

Ka ga, dokarsa gaskiya ce a kan kwalta, ita ta tsare shi tsawon rayuwarsa. Kai ta falo da ya yi shi ne kuskuren, ya nemi abin da ke aiki ya ƙara kyau. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.