Allon Ɗakin Jira

Tun da aka fara taron, Injiniya bai yarda sun haɗa ido da Anti Nas ba.

Ita ce ta laƙaba masa sunan ranar da ya fara aiki a asibitin, da sabon digirinsa da dabaru fal kansa. Ita ta fi kowa tafi lokacin da ya kafa allon taɓawa a ɗakin jira, don marasa lafiya su riƙa ɗaukar lambar layi. Allon ya yi gardama a gaban baƙi, Injiniya ya shiga da asusunsa na kwamfuta ya lallashe shi nan take.

Yanzu ga magana ta fita. Sakamakon gwajin idon wani direban motar makaranta ya zaga gari, har an karɓe masa mukulli. Mutum uku kaɗai ke da izinin buɗe sakamako: likita, mai gwaji, sai Anti Nas, wadda kowa ya san bakinta ba ya hutawa.

"Ko na'urarka ce ke yoyo?" likita ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, tsarina ba ya yoyo. Sai dai mutum."

Anti Nas ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Ƙanena, har da kai?"

Aka dakatar da ita.

Kunya ta hana shi bin barandar da za ta bi da kayanta. Ya faɗa ɗakin jira, ya raɓe a kujerar ƙarshe yana kallon takalmansa. Gaskiya na faɗa, yake ta nanata wa kansa.

Wasu mata biyu na tsaye gaban allon suna ƙus-ƙus.

"Ba nan ba, Yaya, koma baya sau biyu. Yauwa! Ashe matar mai shagonmu ciki gare ta!"

"Ke dai bari. Ni ko ƙalau nake sai na leƙo."

Ya miƙe a hankali. Daga bayansu ya hango sunaye a jere, kowanne da cutarsa. A saman allon kuwa ga asusunsa na mai kula da tsari, wanda ke buɗe kowace ƙofa, yana nan a buɗe yadda ya bar shi tun ranar da aka yi masa tafi, da niyyar zai gyara gobe.