Injin Lamba Bakwai

Na ɗaga bonet, babu inji. Shekaru na yi ina neman mota mai lamba bakwai da marigayi mahaifina ya ci tseren Argungu da ita, sai yau na same ta a bayan gidan abokin tuƙinsa, ba taya, kaza na kwanci a kujerar direba. Idanuna suka ciko.

Na dubi abokin nasa, wanda yanzu ya tsufa. "Baba, kun bar ta ta mutu."

Tsohon ya yi dariya. "Wa yac ce maka, ɗana? Taho."

Muka gangara fadama. A bakin gulbi ga injin motar yana ruri, yana janyo ruwa zuwa gonakin albasar unguwa guda.

"Ubanka bai taɓa sakin totur ba," in ji shi. "Mu ma ba mu saki ba."